Wasiƙa daga Gwiwa zuwa ga malaman da za su koyar da Sinanci a sakandare



Tun da aka sanar a 2025 cewa Sinanci ya shiga jerin harsunan waje da ɗalibin babbar sakandare zai iya zaɓa, kusa da Larabci da Faransanci, nake son in yi muku wannan magana kafin ku iso ajujuwanmu na Gwiwa da Roni da Kazaure da Ɓaɓura. Da yawanku za ku fito ne daga Cibiyar Confucius ta Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, wadda aka buɗe a 2008, ko ta Jami'ar Legas ta 2009, kuma da Turanci aka koya muku. Roƙona shi ne kada ku biyo da yaranmu ta wannan hanya. Ku shiga da su Sinanci ta ƙofar Hausa.

Littattafan da za ku riƙo an rubuta su ne domin mai Turanci, wanda harshensa bai san karin sauti ba, shi ya sa suke tsoratar da ɗalibi da shi tun shafin farko. Yaron Gwiwa kuwa da karin sauti ya buɗe baki. Ba ya rikita kukan jariri da kukar miya, ba ya rikita "kai" na kiran mutum da "kai" na jiki, alhali a boko rubutunsu ɗaya. Ku sa ajin ya faɗi waɗannan da ƙarfi, ya saurari kansa, sannan ku ce masa Sinawa ma haka suke yi, nasu huɗu ne.

Uku daga cikin huɗun suna bakinsa. Na farko kari ne na sama, miƙaƙƙe. Na huɗu faɗuwa ce daga sama, irin ta "kai" na jiki. Na uku, wanda littafi ke zanawa da lanƙwasa, a tsakiyar zance yawanci ƙasa kawai yake zama, don haka ku koyar da shi a matsayin karin ƙasa, ku bar lanƙwasar sai gaba. Na biyu, mai hawa daga tsakiya zuwa sama a gaɓa guda, shi ne baƙo, Hausa ba ta da shi. Nan za ku kashe lokacinku. Misalin da ba zai fita daga kan ɗan kasuwa ba shi ne "mai": da kari na uku saye ne, da na huɗu sayarwa.

Inda nake jiye muku tsoro shi ne pinyin, rubutun Sinanci da baƙaƙen boko da ƙasar Sin ta amince da shi a 1958. Yaro zai ga "c" ya karanta ta kamar ta "ciki", alhali ta fi kusa da "ts" mai fitar da iska. Zai ga "q" da "x" ya tsaya. Bambancin "b" da "p" a can na iska ne: ku ba kowa guntun takarda ya riƙe a gaban leɓe, in ya ce "pa" ta motsa, in ya ce "ba" ta tsaya. A fara da kunne na wasu makonni kafin a ga rubutu. Ba sai da lantarki ba, wayar malami da ƙaramar lasifika sun isa.

Baƙaƙen Sinawa kuma kada ku gabatar da su a matsayin dodo. Yaron da ya zauna gaban alaramma, ya fere alƙalami, ya tsoma a tawada, ya san cewa kowane baƙi da inda ake fara shi da inda ake ƙarewa, ya riga ya iya rubutu biyu, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu. Ku fara da na ƙirga da na mutum da dutse da rana da wata, ku tsananta a kan bin zane daki-daki. Baƙi kaɗan da ya zauna a hannu ya fi mini ɗari da aka kwafa don jarrabawa.

Iyaye za su tambaya, kuma suna da gaskiya: me yaro zai yi da shi? Ku ambaci riɗin Jigawa da ake fitarwa zuwa Sin, da 'yan Kantin Kwari masu zuwa Guangzhou suna ciniki ta bakin tafinta. Ku gaya musu Rediyon Sin na magana da Hausa tun 1963, kuma ana karanta Hausa a jami'a a Beijing. Amma kada ku yi wa kowa alkawarin aiki ko gurbin karatu da ba ya hannunku.

A darasin al'ada, fitilun takarda da tsinkayen cin abinci ba su isa ba. Ku nuna musu tsohon masallacin Huaisheng na Guangzhou da babban masallacin Xi'an, ku ba su labarin Musulmin Hui da na Zheng He, wanda jiragensa suka kai gaɓar gabashin Afirka a ƙarni na 15. Ku koya musu gane rubutun "qingzhen" a ƙofar gidan abincin halal. In wani ya ji labarin Musulmin Uighur a rediyo ya tambaye ku, ku amsa masa da abin da kuka sani, ba tare da kwana-kwana ba. Aikinku koyarwa ne, ba a aiko ku tallata kowace gwamnati ba.

Kuma don Allah ku kula da 'yan matan da ke bayan aji. Harshen kari sai da ɗaga murya, su kuwa an saba musu da sassauta ta. Ku raba su biyu-biyu su yi ciniki da juna, ɗaya na tayawa ɗaya na cewa albarka, kafin ku nemi ɗayarsu ta miƙe a gaban kowa.

Wassalam,
Ɗan'uwanku daga Gwiwa