Damina da Mota Mai Rufin Tamfol

Jama'a, a nan Tamale ruwa ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba, lokacin da masu motoci masu rufin tamfol ke kukan yoyo da wari. Sau da yawa laifin ba na tamfol ba ne. Ƙurar hunturu ce ta toshe 'yan ramukan da ruwa ke bi ya fice, ko kuwa robar gefen gilashi ta tsage. Mu share ramukan, mu canza robar. Mu ɗaga kafet mu shanya, domin soson ƙarƙashinsa ke riƙe ruwa har ƙasan mota ya yi tsatsa. Kada mu naɗe tamfol yana jiƙe. Fumfuna tana tayar wa yaranmu da asma. Allah ya kiyaye.