Kimiyya a Gareji: Me Ya Sa Mota Ke Karkata Ba a Murɗa Sitiyari Ba?

Yau za mu leƙa garejin masu motocin tsere, inda ake fama da wata matsala: mota ta taka tudu ko rami, sai ta karkata gefe, alhali direba bai motsa sitiyari ba. Turawa na kiran wannan bump steer.

Abubuwa biyu ne ke riƙe da tayar gaba: hannun ƙarfe da ya haɗa ta da jikin mota, da sandar sitiyari, wadda makanikai ke kira tayarod. Idan taya ta yi sama ko ƙasa, bakin kowannensu yana zana baka, kamar yadda kamfas ɗinmu na darasin lissafi ke yi. In bakan biyu suka bi hanya ɗaya, taya na ci gaba da kallon gaba. In suka saɓa, sandar za ta ja tayar ciki ko ta tura ta waje. Shi ya sa matsalar ta fi addabar motocin da aka sassauke ƙasa ko aka ɗaga sama, domin an sauya kusurwar da kamfani ya tsara.

Mu ɗan yi lissafi. A ce taya ta karkata da milimita 1 cikin kowace 500. Motar da ke gudun kilomita 200 a awa tana cin kimanin mita 55 a sakan ɗaya, wato tayar na neman kauce wa hanya da santimita 11 kowane sakan. A kwana mai kaifi, wannan ya isa ya kai direba bango.

Ta yaya ake aunawa? Ana kafe sitiyari, a cire sifirin, a ɗaura faffaɗan faranti a mazaunin taya. Sai a jingina ma'auni mai allura a gaban farantin da bayansa. Daga nan a ɗaga mazaunin da jak kaɗan-kaɗan, misali milimita 10 kowane mataki, sama da ƙasa, ana rubuta abin da allura ta nuna. In aka zana lambobin a takardar giraf, layin da ya fito miƙe amma a karkace na nuna tsayin sandar daga ƙasa ne bai yi daidai ba, sai a saka siraran zobba a ƙarshenta ko a gyara mazaunin akwatin sitiyari. Layi mai lanƙwasa kuwa na nuna sandar ta yi tsawo ko gajarta. Bayan kowane gyara, dole a sake awo.

Irin wannan aiki ɗaliban jami'a ke yi a gasar Formula Student da ake yi a filin Silverstone na Ingila, da motocin da suka ƙera da hannunsu.

Cire sifirin na da haɗari, aikin ƙwararru ne. Namu aikin na wannan mako a takarda yake: mu buɗe kamfas santimita 10 mu zana baka, mu sake zana wani na santimita 7, su taɓa juna a wuri ɗaya, ƙaramin a cikin babban. Mu auna tazarar da ke tsakaninsu santimita 3 sama da mahaɗar, mu kai wa malamin lissafi amsar ya duba. Sai mako mai zuwa.