Injin wasa ƙarfe na hannu: karanta farantin jikinsa kafin ka tambayi farashi

Idan za mu sayi waya ta hannu, sai mun duba lambar IMEI, mun gwada batir, mun latsa kowane lungu na sikirin. Amma injin da zai iya cire wa mutum ido, bidiyon daƙiƙa 30 a WhatsApp ya ishe mu. Ni ma na taɓa faɗawa.

Yayana mai walda ne. Da yake ni ne “ɗan kwamfuta” a gidanmu, ni ya ɗora wa aikin nemo masa babban injin wasa ƙarfe, irin mai tsayuwa da ƙafarsa. Na samo wani a intanet, mai shi ya turo bidiyo yana juyawa lafiya lau, muka biya. Sai da aka sauke shi muka gane mai layi uku ne, wato tiri-fes, shagon kuwa layi ɗaya gare shi. Sati uku yana ajiye ana ɗora masa buta.

Har yanzu ina ganin tsohon inji mai nauyi ya fi sabo mai araha, domin nauyin ne ke shanye jijjiga, kuma ba ya sarewa idan ka danna masa ƙarfe. Sai dai a sayen na hannu, hoton ƙaramin farantin da ke jikin injin ya fi bidiyo amfani. Wutar Najeriya 230V ce a layi ɗaya, kusan 400V a layi uku, kuma 50Hz. Injin da aka ƙera don Amurka 60Hz yake so: wanda aka rubuta wa juyi 3,450 a minti, a nan kusan 2,850 zai yi, yana iya kuma yin zafi idan ƙarfin wutar bai dace ba. Mu na'urar VFD ce ta cece mu, ita ma don farantin ya nuna 230/400V ne. Janareta kuma a yi lissafi, domin lokacin tashi injin kan ja wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci yana aiki.

Inda na fi taurin kai shi ne dutsen. Dutse mai faɗin inci 8 a juyi 2,850, bakinsa na gudun sama da kilomita 100 a awa. Ba ka san sau nawa ya faɗi a kwantena ba. Cire shi, ka rataye a yatsa, ka ƙwanƙwasa da ƙotar katako: lafiyayye zai yi ƙara tar, mai tsaga zai yi dum. Ko ya yi tar, ni sabo zan saya, in tabbatar juyin da aka rubuta a jikinsa bai gaza na injin ba.

In da hali ka je da ƙafarka, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna, ka girgiza sandar da dutsen ke kai. In tana wasa, boris ya tafi, sai a rage kuɗi. Wanda aka cire wa murfin dutse kuwa, bar musu kayansu.

A shago, a ɗaure shi da kankare, a haɗa masa wayar at, tazarar madogarar ƙarfe da dutse kada ta wuce milimita 3. Kunnawar farko a tsaya gefe, a bar shi ya yi minti ɗaya yana juyawa shi kaɗai. Tabarau kuwa, har yau muna faɗa da Yaya a kai.