Shawara ga Makaɗan Manchok a kan Tara Jama'a

Duk wanda ya san ƙasar Moro'a ya san ba a rasa makaɗa a Manchok, domin da wuya a sami majami'ar da ba ta yaye samari masu jita da ganguna ba. Amma abin da ke damun mai lura shi ne, idan samarin nan suka haɗa kai suka kama filin makaranta, suka manna takardun talla a tasha da bakin kasuwa, sai ranar wasa ta zo a tarar kujeru sun fi mutane yawa, alhali kuwa waɗanda suka ƙi zuwan su ne ke cika Kagoro maƙil ran 1 ga Janairu domin bikin Afan. Ashe ke nan sha'awar kiɗa tana nan da ranta, abin da ya rage shi ne makaɗi ya kyautata mu'amalarsa da jama'a.

Babban al'amari a ganina shi ne lokaci. Mutanenmu manoma ne, wanda kuwa ya kira su wasa a tsakiyar damina, sa'ad da ɗan abin da ke hannu ya tafi ga taki kuma jiki ya gaji da noma, ya zalunci kansa. Amma idan ya yi haƙuri har kaka ta yi, aka sayar da citta da doya, 'yan gari mazauna Kaduna da Jos da Abuja suka dawo gida domin Kirsimeti, to, a sa'an nan aljihu da zuciya duk a buɗe suke. Haka kuma sa'ar farawa. Tun da hare-haren shekarun baya suka taɓa ƙauyukan ƙaramar hukumar Kaura, mutumin ƙauye ba ya son dare ya riske shi a hanya, ɗan acaɓa ma ba ya son kai shi, saboda haka wasan da aka fara da ƙarfe uku aka tashi kafin magariba ya fi maslaha ga mata da dattawa da yara, waɗanda su ne rabin taro.

In kuwa an ce ƙarfe uku, wajibi ne ya zama ƙarfe uku. Babu abin da ke kashe sunan ƙungiya kamar jama'a su zauna cikin rana suna kallon mutum guda durƙushe yana kwance wayoyi, lasifika tana kuka, janareta ya tashi ya mutu, sa'an nan a tura yaro da galan neman fetur. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba zai komo ba, kuma sai ya hana maƙwabcinsa.

Sai batun waƙar kanta. Samarinmu da yawa sun duƙufa ga kwaikwayon mawaƙan Legas, sun mance cewa waƙoƙin nan suna cikin wayar kowa, kuma masu su sun fi iya rera su. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya, ba domin komai ba sai domin ya waƙe karen mota da talakan da ba mai kula da shi. Bala Miller kuma a Kaduna ya ɗauki kayan busa na Turawa ya sa su yi magana da Hausa. Makaɗin Manchok yana da harshen Sholyio, yana da Hausa, yana da kiɗan tulu da gora wanda Zumuntar Mata ta raya shekara da shekaru, yana kuma da labarin ciwon da ya cinye gonakin citta a 2023, wanda har yau manoma ba su daina zancensa ba. Ranar da tsohuwa ta ji sunan ƙauyenta a bakin mawaƙi, lalle sai ta miƙe, in ta miƙe kuwa jikokinta ba za su zauna ba.

Gayyata ma tana da ladabinta. Facebook da WhatsApp suna da amfani wajen ɗaliban Gidan Waya da na Kafanchan, amma dattijo sai an taka an je an gaishe shi, a sanar da fada, a roƙi fasto da liman da shugaban 'yan acaɓa su isar da magana. Kuɗin ƙofa kuma a sassauta shi yadda magidanci zai shigo da iyalinsa, gama liƙi a cikin cikakken fili ya fi tikiti mai tsada a filin da ba kowa. Ƙungiyar da ba ta yi suna ba tukuna ta nemi takwarorinta na Kagoro ko Zonkwa su yi wasa tare, kowace ta zo da mutanenta, a raba kuɗin hayar kaya, a kuma sanar da ranar wasa na gaba tun jama'a ba su watse ba.