Mu Zana Dangin Labari Kafin Babi Na Ɗaya

Ɗaliban kwamfuta, irin na Kadpoly a Tudun Wada, suna koyon zanen UML kafin rubuta manhaja: akwatuna da layuka, wa ya gaji wa, wa ke riƙe da wa. Akwai PlantUML da ake liƙa wa VS Code, ka rubuta alaƙar, zanen ya fito da kansa.

Mu fa? Littafi babi sittin a WhatsApp, Hajiya goggon amarya ce a babi na uku, a na arba'in ta koma yayar uwarta. Masu karatu kuwa ba sa mantuwa. Ni dai a ganina mu ari dabarar. Bayan kalanda ma ya isa, sai dai in an yi saki, gyaran PlantUML layi ɗaya ne.