Masu Da'awar Magana Da Matattu: Baiwa Ce Ko Koyo Ake Yi?



Wayar hannu ta shigo mana gida da wani nau'in bokanci mai sanye da kwat. A TikTok da YouTube da Netflix matasanmu suna kallon mutane irin su Tyler Henry da Theresa Caputo na ƙasar Amurka, waɗanda ke zama da mai makoki su ce mahaifiyarsa da ta rasu ga ta nan tana gaishe shi, har a rabu ana hawaye. Daga nan sai gardama ta tashi tsakanin ɗalibai: shin wannan baiwa ce da ake haihuwar mutum da ita, ko sana'a ce da ake koya? Gardamar tsohuwa ce a wurinmu, domin haka ake cewa wance ta gaji iskokin kakarta, wane kuma sai da aka yi masa girka kafin ya hau bori. Bambancin shi ne ɗan bori yana cewa iska ce ta hau shi, shi kuwa na Turai yana cewa ruhin mamaci ne ke yi masa magana.

Mu fara da ɓangaren koyo, domin tarihinsa a rubuce yake. Wannan harka ta zamani ta samo asali ne a shekarar 1848, a ƙauyen Hydesville na jihar New York, lokacin da wasu 'yan mata biyu 'yan gida ɗaya, Margaret da Kate Fox, suka ce wani ruhi yana amsa musu tambaya ta hanyar ƙwanƙwasa. Daga su ne abin ya bazu har ya zama ɗariƙa mai mabiya a Amurka da Ingila. Bayan shekara 40, a 1888, Margaret ta tsaya gaban taron jama'a a birnin New York ta nuna yadda take fitar da ƙarar da gaɓar yatsan ƙafarta. Daga baya ta janye maganarta, amma waɗanda suka halarta sun riga sun ji da kunnuwansu. A Ingila kuma akwai Kwalejin Arthur Findlay da ke Stansted, inda ake biyan kuɗi a shiga aji a koyi wannan aiki kamar yadda ake koyon ɗinki.

Babban abin da ake iya koya shi ne karanta mutum. Boka yakan jefa magana mai faɗi wadda za ta dace da kusan kowa, kamar ya ce yana ganin wani dattijo da ya yi fama da ciwon ƙirji kafin ya rasu. Sai ya lura da fuskar mai sauraro. Idan ido ya kawo ruwa ya matsa gaba, idan fuska ta ɗaure ya kauce ya jefa wata. Mai makoki da kansa yake cika masa gurbin, ya riƙe abu ɗaya da ya dace, ya manta goma da suka saɓa. A yau Facebook ya ƙara sauƙaƙa aikin, tunda sunan mamaci da hotonsa da ranar rasuwarsa duk suna nan a fili. Wani ɗan dabo mai suna James Randi ya ajiye dala miliyan 1 ga duk wanda ya tabbatar da irin wannan iko a gwajin da ɓangarori biyu suka amince da sharuɗɗansa, kuma har aka rufe gasar a 2015 babu wanda ya ci.

Sai dai adalci ne a faɗa cewa ba dukansu ne maƙaryata da gangan ba. A shekarar 2021 masu bincike a Jami'ar Durham ta Ingila sun wallafa nazarin da suka yi a kan mutum 65 masu cewa suna jin muryar matattu, suka kwatanta su da wasu mutum 143 daga sauran jama'a. Sun gano cewa masu jin muryar suna da ɗabi'ar saurin nutsewa cikin tunani, kuma mafi yawansu sun fara jin muryar tun kafin su san da wannan ɗariƙa. Abin da nazarin ya nuna shi ne mutum yana iya tasowa da wata ɗabi'a, sannan jama'ar da ya faɗa hannunsu su raɗa mata suna. Bai nuna cewa mamaci ne ke magana ba. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406 Miladiyya, ya riga su zuwa wannan fahimta a Muƙaddimarsa, inda ya bayyana bokanci a matsayin wani shiri da ke cikin wasu rayuka, amma tauyayye, shi ya sa boka yake cike giɓinsa da zato da ƙage.

Ke nan kowane ɓangare na gardamar ya riƙe rabin gaskiya: akwai ɗabi'ar da ake tasowa da ita, akwai dabarar da ake koya. Inda aka zame shi ne kalmar baiwa. A bakin Bahaushe baiwa kyauta ce daga Allah wadda ake godiya a kanta, don haka da zarar an kira abu baiwa an wanke shi, kuma mai sukarsa ya zama ɗan hassada. Alhali kasancewar abu a cikin ɗabi'a ba ya halatta shi. Wani da saurin fushi aka haife shi, kuma shari'a ba ta ba shi lasisin duka ba.

Musulmi yana da ma'auni uku a nan. Na farko, sanin gaibu na Allah ne shi kaɗai, kamar yadda aya ta 65 ta Suratun Namli ta tabbatar, kuma ƙarshen Suratul Jinni ya keɓe manzanni da abin da Allah ya so ya sanar da su. Na biyu, mamaci ba ya dawowa. Ayoyi na 99 da 100 na Suratul Mu'minun sun nuna wanda ya roƙi a mayar da shi duniya an hana shi, kuma akwai shamakin barzahu har ranar tashi. Na uku, aljanu su ma ba su san gaibu ba. Suratu Saba'i ta ba da labarin yadda suka ci gaba da aikin wahala a gaban Annabi Sulaimanu alhali ya rasu, sai da gara ta ci sandarsa ya faɗi sannan suka gane.

To, me ya sa wani lokaci boka yake dacewa? Sahabbai sun yi wannan tambaya, kuma amsar tana cikin hadisin Nana A'isha da Bukhari da Muslim suka ruwaito: aljani ne ke fizgo kalma ɗaya ta gaskiya ya jefa a kunnen abokinsa, sai a cakuɗa ta da ƙarya ɗari. Labarin Ibnu Sayyad ya fi dacewa da gardamarmu, domin yaro ne a Madina da ake ganin abin a tare da shi tun yana ƙarami. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya jarraba shi da wata kalma da ya ɓoye a ransa, yaron ya cafko guntunta kawai, sai Annabi ya tsawata masa ya nuna masa iyakarsa. Ƙuruciyarsa ba ta sa an kira abin karama ba. Imam Muslim kuma ya ruwaito cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi, ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba. A ƙasarmu Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausan gargaɗi a Nurul Albabi game da masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa ko taurari ko labarin aljanu.

Wannan bai kore mafarki na gari ba, ko firasar mumini, ko ilhama irin wadda aka san Sayyidina Umar da ita. Alamar waɗannan ita ce ba a kiransu a lokacin da aka ga dama, ba a yanka musu farashi, ba a gina hukunci a kansu, kuma mai su ba ya buɗe shago.

Abin da ya sa maganar ta wuce gardamar ɗalibai shi ne abin da take jawowa a gidaje. Yarinya ta fara jin murya ko tana faɗuwa, sai a ce iskokin gado ne, a kira mai garaya a yi girka, alhali yana iya zama farfaɗiya ko larurar ƙwaƙwalwa wadda ake maganinta a asibitoci irin na Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato. Ruƙiyya ta shari'a da ganin likita ba sa karo da juna, a haɗa su tun da wuri. Wata kuma mijinta ya rasu, sai a ce mata mamacin ya ambaci sunan wanda ya yi masa asiri, kuma sau da yawa sunan kishiya ne ko ɗan'uwa. Kalma ɗaya daga bakin wanda ba zai taɓa kawo shaida ba ta raba zumuncin shekara da shekaru.

Ga wanda ke kewar mamacinsa, ƙofar da shari'a ta buɗe a buɗe take: addu'a, sadaka, biyan bashinsa, aikin hajji a madadinsa, sada zumuncinsa da girmama abokansa. Waɗannan suna isa gare shi da izinin Allah, kuma ba sa buƙatar ɗan tsakiya. Iyaye su san abin da 'ya'yansu ke kallo, ɗalibai kuma su daina tura irin waɗannan bidiyoyi da sunan nishaɗi, domin kallo yakan kai ga sha'awa, sha'awa ta kai ga gaskatawa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya tsare mana imaninmu. Allah ne mafi sani.