Kamin a kafa rumfa, a dubi kasuwa: zaɓen wasan taron jama'a na intanet

Duk wanda ya taɓa barin wata kasuwa domin ya koma wata ya san nauyin shawarar. Ba a ɗaukar haja a kai ta inda ba a san ko ana ciniki ba, kuma ba a biyan kuɗɗin rumfa a kasuwar da ake raɗe-raɗin za a tashe ta baɗi. To irin wannan shawara ce ke gaban mutumin da ya gaji da wasan da yake yi a intanet, ko kuwa aka rufe masa shi, yana neman wanda zai shiga nan gaba, ko a Pari yake zaune ko a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa. Maganar ta shafi mai wasan, ta kuma shafi magidancin da kuɗɗin ke fita daga aljihunsa.

Wasannin da ake nufi su ne waɗanda ake kira MMO a taƙaice, wato wasannin taron jama'a. Kamfani ne ke gina wata duniya ta ƙirƙira, da garuruwanta da dazuzzukanta da kasuwanninta, ya aza ta bisa manyan na'urori masu aiki dare da rana, sa'an nan dubban mutane daga ƙasashe dabam-dabam su shige ta lokaci guda, kowa da gwarzon da ke wakiltarsa. A ciki ana yaƙi, ana ƙira, ana saye da sayarwa, ana kafa ƙungiyoyi masu shugaba da ma'aji. In mutum ya kashe na'urarsa ya kwanta, duniyar ba ta tsayawa jiransa. Abin ya samo ƙarfi tun daga Ultima Online a 1997 da EverQuest a 1999, ya kai ƙololuwa da World of Warcraft na kamfanin Blizzard na Amurka, wanda aka buɗe a 2004, kuma a 2010 masu biyan kuɗɗinsa kowane wata suka kai miliyan 12.

Dara ko karta ana gama su a zama guda, a tashi. Wannan wasa kuwa watanni yake ci, wani lokaci shekaru, kamin gwarzon mutum ya zama abin a zo a gani. Ke nan jarin da ake zubawa a cikinsa lokaci ne, wanda ba a maido wa kowa. Bugu da ƙari, duk abin da mai wasa ya tara, takobi ne, gida ne ko zinariya, bisa ga yarjejeniyar da ya amince da ita ranar shiga, mallakar kamfani ne. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Saboda haka akwai tambayoyi huɗu da ya kamata a yi kamin a zaɓi wasa.

Ta farko ita ce: wasan zai daɗe? A watan Satumba na 2021 kamfanin Amazon, mai dukiyar da ta fi kasafin kuɗɗin ƙasashe da yawa, ya buɗe New World, har mutane fiye da 900,000 suka taru cikinsa a lokaci guda. Cikin ƴan watanni mafi yawansu suka watse, kuma a watan Oktoba na 2025 kamfanin ya ba da sanarwar cewa ya daina ƙara masa sabon abu. WildStar, wanda tsofaffin ma'aikatan Blizzard suka ƙera aka yi ta yabo a 2014, an rufe shi ƙaf a 2018. Ko babban wasa ma ba ya da tabbas a ko'ina: a watan Janairu na 2023 aka rufe World of Warcraft a ƙasar Sin saboda saɓani tsakanin Blizzard da abokin hulɗarsa NetEase, ƴan wasan can suka zauna fiye da shekara guda kamin a sake buɗe musu a 2024. Akwai kuma wanda ya faɗi ya tashi. Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix na Japan ya fito a 2010 da lahani mai yawa, aka rufe shi a 2012, aka sake gina shi a ƙarƙashin jagorancin Naoki Yoshida, aka buɗe a 2013; a ƙarshen 2021 cunkoso ya kai har kamfanin ya dakatar da sayar da shi na ɗan lokaci. Darasin a fili yake: girman talla da girman kamfani ba su ba da lamuni. Wasan da ya shekara goma ko ashirin yana da jama'a, ana kuma ci gaba da gyaransa, ya fi sabo abin dogara, domin da tsohuwar zuma ake magani. Kasuwar wasanni ta Steam tana nuna yawan waɗanda ke cikin kowane wasa nata a kowace sa'a, ko da yake ba ta ƙidaya waɗanda ke shiga ta wata ƙofar. A dubi lissafin wata shida bayan buɗewa, kada a tsaya ga na makon farko.

Ta biyu: ta wace hanya kamfanin ke cin ribarsa? Hanyoyi uku ne sanannu. Akwai masu karɓar kuɗɗin wata, kamar World of Warcraft da Final Fantasy XIV. Na farkon yana kai wajen yuro 13 a wata a Turai; tun da yake yuro guda tamma 655.957 ne na kuɗɗin Sefa, abin ya kama jaka 8 da rabi a wata, fiye da jaka 100 a shekara, ban da kuɗɗin sabon babin wasan da ake saye dabam duk sa'ad da ya fito. Yana da tsada ga mai ƙaramin albashi, amma dai mutum ya san abin da zai biya tun daga farko. Akwai waɗanda ake saye sau guda, kamar Guild Wars 2 na 2012, wanda ba ya da kuɗɗin wata. Tun 2015 tushensa kyauta ne, sai ƙarin babi ake saye in an ga dama. Sai kuma na uku, masu cewa komai kyauta ne. Nan ne ake bukatar lura, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. Wasu daga cikinsu ado kawai suke sayarwa, riga ko doki, abin da ba ya ƙara wa gwarzo ƙarfi. Wasu kuwa ƙarfin kansa suke sayarwa, su tsananta wa wanda bai biya ba har sai ya gaji ya buɗe aljihu, ko su sayar masa da akwatin sa'a wanda ba a san abin da ke ciki ba sai an biya an buɗe. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna caca ne. Hanya mafi sauƙi ta gane halin wasa ita ce a buɗe kantinsa tun ranar farko: in ana sayar da nasara a ciki, to mai haƙuri ba zai taɓa kamo mai kuɗɗi ba. A tuna kuma cewa galibin biyan da katin banki ake yin shi, katin da bai kamata a bar lambarsa a hannun yaro ba.

Ta uku: na'urar da ke gida da layin intanet za su ɗauka? World of Warcraft da Final Fantasy XIV kowanensu yana neman fiye da jiga 100 na wuri a kwamfuta, kuma duk bayan ƴan watanni sai an sauko da gyara mai nauyi. Ga wanda ke sayen intanet ɗinsa kaɗan-kaɗan a salula, saukar da wasan kaɗai na iya fin kuɗɗin watansa tsada. Sa'an nan akwai nisan uwar na'urar da ke riƙe da wasan. Duk umarnin da mai wasa ya bayar sai ya je can ya dawo, saboda haka mai zaune a Nijar ya zaɓi ta Turai, wadda ta fi ta Amurka da ta Asiya kusa. A wasan da ake gwabza yaƙi cikin ƙiftawar ido, ɗan jinkirin layi ko ɗaukewar wuta ya isa ya kashe gwarzo, ya kuma jawo wa abokan tafiyarsa hasara. Nan ne wasu tsofaffin wasanni ke da fifiko. Dofus, wanda kamfanin Ankama na garin Rube a arewacin Faransa ya buɗe a 2004, yaƙinsa bi da bi ne kamar dara, kowa na jiran lokacinsa, don haka jinkirin layi ba ya cutarwa sosai; tun 2016 akwai Dofus Touch na salula. Old School RuneScape na kamfanin Jagex na Ingila, wanda aka farfaɗo da shi a 2013 bisa siffar wasan ta 2007, ya sauka a salula a 2018, kuma ba ya da nauyi.

Ta huɗu, wadda ta fi sauran: su wa ke ciki, da wane harshe, a wane lokaci? Abin da ke riƙe mutum a irin wannan wasa shekara da shekaru abokan da ya samu ne, domin manyan ayyukansa ba su yiwuwa sai da mutum takwas, ashirin ko fiye, waɗanda suka yi alkawarin sa'a guda suka cika. Wanda ya yi lakkol da Faransanci zai samu Dofus, World of Warcraft, Final Fantasy XIV, Guild Wars 2 da Albion Online duk da wannan harshe, alhali Old School RuneScape da Ingilishi kaɗai yake. Agogon Nijar daidai yake da na Faransa daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, sauran watanni Faransa na gaba da sa'a guda. Ke nan ƙungiyar da ke taruwa da ƙarfe tara na daren Pari ba ta hana ma'aikaci zuwa biro da safe, saɓanin ta Amurka da ke taruwa lokacin da ake barci a nan. Ya kamata kuma a dubi yadda kamfani ke sauraron jama'arsa. A Old School RuneScape, alal misali, ba a shigar da sabon abu mai muhimmanci sai an jefa ƙuri'a, fiye da kashi biyu bisa uku na masu zaɓe sun amince.

Bayan tambayoyin huɗu sai halin mutum. Mai jinin kasuwanci zai ji daɗin Albion Online, wanda wani kamfanin Balin na Jamus ya buɗe a 2017, ya zama kyauta a 2019, ya zo salula a 2021, ya kuma samu uwar na'ura a Turai a 2024. Kusan duk kayan cikinsa ƴan wasa ne ke ƙera su, kowane gari da kasuwarsa da farashinsa, riba kuwa tana ga mai ɗaukar kaya daga inda suke araha zuwa inda suke tsada, da sanin cewa a wasu hanyoyi ƴan fashi na iya kwashe masa komai. Fatauci ne sak. EVE Online, wanda kamfanin CCP na ƙasar Ayislan ya buɗe a 2003, ya fi shi zurfi, har a 2007 kamfanin ya ɗauki masanin tattalin arziki domin lura da kasuwar wasan. A watan Janairu na 2014 wata ƙungiya ta yi sakacin biyan kuɗɗin riƙon wani yanki mai suna B-R5RB, abokan gaba suka afka masa, aka kwashe kusan sa'a 21 ana yaƙi, aka yi hasarar jiragen da aka ƙiyasta darajarsu a kan dalar Amurka wajen 300,000. Wasa ne na mai haƙuri da lissafi, ba ya sauƙi ga baƙo. Ma'aikacin da sa'a guda ko biyu kaɗai yake da su da dare kuwa, Guild Wars 2 ya fi dacewa da shi, domin in aiki ya riƙe shi wata biyu ba a cire masa ko tamma. Mai son dogon labari, in yana da kwamfuta mai ƙarfi, ya gwada Final Fantasy XIV, wanda ke da gwajin kyauta mai faɗi.

Wasu samari kan shiga da niyyar neman abinci, tun da an ji labarin mutanen Benezuwela da suka riƙa tara zinariyar RuneScape suna sayarwa da dalar Amurka lokacin da tattalin arzikin ƙasarsu ya durƙushe. Labarin gaskiya ne, amma wannan ciniki ya saɓa wa dokar wasan, wanda aka kama kuwa ana rufe masa asusu da duk abin da ke ciki, ba ya da inda zai kai ƙara. Haka nan a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shaƙuwa da wasan na'ura cikin jerin cututtuka, idan ya kai ga mutum ya kasa sarrafa kansa, yana fifita wasa bisa aiki da iyali duk da cutar da yake gani. Wasan da ke tilasta wa mutum shiga kowace rana don kada wata lada ta wuce shi, ya zama ubangida na biyu wanda ba ya biyan albashi.

Kusan duk wasannin da aka ambata suna barin baƙo ya shiga ba tare da ya biya ba. World of Warcraft ma yana bari har mataki na 20. Zuwa da kai ya fi aike. Mai neman sabon wasa ya ba shi wata guda bai kashe ko dala ba, ya riƙa shiga a sa'ar da zai saba shiga, ya dubi ko garuruwan na cike da mutane, ya yi tambaya ya ga ko ana amsa wa baƙo da mutunci, ya lissafa abin da intanet ya ci masa a mako. Tun kamin ya biya kuɗɗin farko ya yanke wa kansa iyakar jaka nawa a wata da sa'a nawa a mako. In wata ya cika yana marmarin komawa domin mutanen da ya samu can, kuma lissafin bai taɓa kuɗɗin cefane ba, to ya samu kasuwar da zai kafa rumfarsa.